Tsohon injin yankan itace ba tsufa ke kashe shi ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da 'yan'uwa masu sana'ar yankan itace da tsaga katako, musamman na nan arewacin Kamaru, daga Ngaundere zuwa Garwa da Marwa har Kuseri, da na ƙetaren kogi a Chadi. Mu masu gyaran waɗannan injina ne. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ta cika bakin mutane, wai tsohon inji ya gama yayinsa, gara a yar da shi a sayi sabo mai araha. Ba mu yarda ba. A cikin injinan da ake kawowa a mace, da wuya ka ga wanda shekaru suka kashe. Masu kisan su ne gurɓataccen haɗin mai, da ƙura, da iskar da ke satar hanya ta shiga inji, da dakusasshiyar sarƙa. Dukansu kuwa maganinsu yana hannun mai inji.

Wanda ya fi yawa a hannun masu tsaga katako shi ne Stihl 070, ƙirar Jamus, wanda ya fara fitowa a 1968. Girman silindarsa cc 106, faɗin fistin milimita 58, nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa sarƙa da lam ba, wato dogon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kansa. Ba ya gudu sosai, amma yana da ja, shi ya sa ya dace da dogon lam. Masu yankan itacen girki da sassabe sun fi riƙe Stihl 038 Magnum ko MS 381, masu cc 72, ko Husqvarna 61 da 272 na Suwidin. Duk ana kwance su da sukurudireba da sifana, kuma ana samun kayansu. Inji na asali da ya shekara ashirin yana aiki ya fi na kwaikwayo da aka zare daga kwali jiya, don ƙarfen silindarsa da karanshaf ɗinsa ba ɗaya suke da na jabun ba. Araha ba ta ado.

Duk wanda zai sayi na hannu, kada fenti ya ruɗe shi. Ka kama hannun igiyar tayarwa ka ɗaga injin da ita. In ya sauko a hankali, yana tsayawa yana ci gaba, akwai matsi a silinda. In ya zube gaba ɗaya, zoben fistin ya ƙare. Mai ma'auni zai ga matsin ya kai bar 9 zuwa 11 a lafiyayyen inji, kuma in ya yi ƙasa da 7 tayarwa za ta zama wahala. Sannan ka kwance salansa, noti ƙalilan ne, ka haska tocila ta ƙofar hayaƙi kana jan igiya sannu a hankali. Jikin fistin ya kamata ya zama sumul. In ka ga zane-zane a tsaye daga sama zuwa ƙasa, injin ya taɓa kamawa. Mai sayarwar da ya hana ka kwance salansa ya riga ya ba ka amsa.

Maganar mai ita ce babba. Wannan inji ba shi da tukunyar baƙin mai irin ta mota. Ɗan man da ka zuba a cikin fetur shi kaɗai ke shafa fistin da boris, ba wani. Lissafin kuwa ba wuya. In man 2T, wato man da ake haɗawa da fetur, mai kyau ne wanda aka yi don injin da iska ke sanyaya shi, kashi 1 cikin 50 ake yi, wato mililita 20 a kowace lita, ko mililita 100 a jarka mai lita 5. In kuwa man 2T ne na kasuwa wanda ba ka da tabbas a kansa, tsofaffin littattafan Stihl sun ce a yi 1 cikin 25, wato mililita 40 a lita, 200 a lita 5. Ka sayi sirinji mai mililita 20 a kemis ka ɗaure shi a wuyan jarka. Awo da ido ko da murfin kwalba ya cinye fistin da ba su ƙirguwa, domin murfin yau ba shi ne na gobe ba, kuma hannun yaro ba hannun maigida ba ne.

A jarka ake haɗawa, ba a tankin inji ba. Man 2T ya fara shiga, a bi shi da rabin fetur, a girgiza, a cika, a sake girgizawa. Kafin kowane zubi a ƙara girgizawa. Haɗin da ya wuce wata guda ya tashi daga aiki, balle a watan Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40. Ka haɗa abin da za ka ƙona a mako, ka ajiye a inuwa.

Iri biyu na mai muke so a guje musu. Na farko man babur na 4T ko na mota: ba a yi shi don ya ƙone ba, toka yake bari, zobe ya manne a raminsa, ƙofar hayaƙi ta toshe. Na biyu ya shafi mutanen Lagdo da bakin Logon da tafkin Chadi, inda man injin kwalekwale ya fi sauƙin samu. Shi ma 2T ne, amma in ka ga an rubuta TC-W3 a jikin galan, na injin da ruwa ke sanyaya shi ne, ba ya jure zafin silindar injin yankan itace. Masu cewa a ƙara mai da yawa don inji ya ji daɗi su ma ba su taimake shi ba, gawayi kawai suke tara masa.

Sai zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu da ake sayarwa a bakin hanya. Ba za mu ce kada a saya ba, don wanda yake daji nesa da gidan mai ba shi da zaɓi. Amma a gwada. Zuba shi a farar kwalba ka bari ya natsu. In akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, za ka ga layinsa ƙarara, sai ka tsiyaye na sama ta cikin tsumma mai tsabta. Don gane gaurayen kananzir, ɗiga kaɗan a farar takarda. Fetur zalla yana bushewa ba ya barin tabo, mai kananzir ko gas yana barin maiƙo. Stihl na buƙatar fetur mai ƙarfin oktan 90 zuwa sama. Kananzir yana karya wannan ƙarfi, wuta ta riƙa fashewa a silinda ba bisa ƙa'ida ba, har gefen kan fistin ya marmashe.

Ƙurar hunturu kuwa, matatar iska ce kaɗai ke tsakaninta da fistin. A wanke ta kowace yamma. Kafin ka cire ta ka rufe cok, don kada dattin da ya taru ya faɗa maƙogwaron kafireta. Ruwan sabulu ya isa, a bari ta bushe sarai, kuma ban da burushin waya. Mai tsaga katako ya kamata ya riƙe biyu yana musanyawa da rana. Wadda ta huje ko da ƙanƙani ne a canza ta. Idan an buɗe inji, fistin da kansa yake ba da labari: in gefen kafireta ne ya goge ya yi dusu-dusu, ƙura ce ta ci shi, in gefen salansa ne ya yi zane, zafi ne da ƙarancin mai. Kada a manta da fukafukan silinda da ragar da ke gefen igiya. Garin katako da mai suna cakuɗewa su toshe su, iska ta daina ratsawa. Tsinke da tsohon burushin haƙori sun wadatar, sau ɗaya a mako.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna, wato saitin kafireta. Kusoshi uku ne. Mai alamar L ita ke ba da mai lokacin da inji ke zaune da lokacin da ka fara matsa wuta. Mai alamar H ta cikakken gudu ce. Ta uku, LA a Stihl ko T a Husqvarna, tana ɗaga zaman inji ne kawai ko ta sauke shi. A tsofaffin injina, ka murɗa H da L ciki a hankali har su taɓa ƙasa, ba da ƙarfi ba don tsininsu na lalacewa, sannan ka dawo da kowacce zagaye ɗaya. Nan ne mafari. Da wankakkiyar matata da ɗaurarriyar sarƙa, ka tayar ka bari ya yi ɗumi. Murɗa LA ciki har sarƙa ta fara motsi, ka dawo baya kaɗan har ta tsaya cik. Matsa wuta farat ɗaya. In ya yi jinkiri kamar zai mutu kafin ya ɗauka, buɗe L kaɗan.

H kuma da kunne ake saita ta in babu ma'aunin gudu. Ka ba shi wuta duka na daƙiƙa biyu ko uku ba a cikin itace ba. Sautin da ake nema mai ɗan kauri ne, yana ɓarɓar, sannan da zarar sarƙa ta shiga itace ya washe ya zama ɗaya. In yana ƙara siririya mai tsini tun a sarari, mai ya yi masa kaɗan. Samari suna son wannan ƙara, suna cewa inji ya buɗe, sai su ƙara matse H. Abin da suka manta shi ne, duk fetur ɗin da ka rage, ka rage man shafawa da ke cikinsa, ka kuma rage abin da ke sanyaya fistin. Inji zai yi kwana biyu yana burge mutane, rana ta uku ya kama a tsakiyar gungume. MS 381 bai kamata ya wuce juyi 12,500 a minti ba. Shi 070 yana da wata 'yar fanka kusa da gargaren maganaɗisu wadda iska ke turawa ta ɗan rufe cok in gudu ya yi yawa. Wasu suna cire ta don neman gudu. Kada a yi. Fistin mai wannan nauyi ba a yi shi don tsere ba, boris da karanshaf ne za su biya. Kuma saboda wannan fanka tana iya ruɗin kunne, 070 a cikin itace ake tabbatar da saitinsa.

Akwai wani abu da ya shafi yankinmu musamman. Ngaundere tana kan tudu, sama da mita 1,000, Garwa kuwa a kwari take, wajen mita 200. Iskar tudu ba ta kai ta kwari kauri ba. Injin da aka saita daidai a Adamawa, in aka sauko da shi kwarin Binuwai zai sami iska fiye da mai. A buɗe H kaɗan kafin a fara aiki. Bayan awa guda a duba fulogi: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, fari fat haɗari, baƙi mai danshi mai ya yi yawa.

Idan ka saita ya ƙi zama, ka daina murɗa kusoshi, matsalar tana wani wuri. 'Yan fatun roba da ke cikin kafireta suna bushewa su sandare, musamman in inji ya daɗe a ajiye. Ana sayar da su a ƙulli ɗaya, a canza duka, a kuma wanke 'yar ragar da ke ciki. Matatar da ke cikin tanki da lanƙwasasshiyar waya ake jawo ta. Tiyon mai yana tsagewa daidai inda ya fito daga tanki. In inji na aiki na 'yan mintoci ya mutu, ka buɗe murfin tanki ka ji ya ja iska fuu, to hancin da tanki ke shaƙar iska ne ya toshe.

Mafi mugunta ita ce ɓarauniyar iska. Robobin da ke rufe gefe biyu na karanshaf, da robar da ta haɗa kafireta da silinda, da gaskit ɗin gindin silinda, in ɗaya ya tsage iska za ta shiga ba ta hanyar kafireta ba. Alamarta, inji na zaune sai gudu ya riƙa hawa da kansa, ko ka sake wuta ya daɗe bai sauko ba, ko ka kwantar da shi a gefe sautinsa ya canza. Gwajin ba tsada. A toshe ƙofar kafireta da ta salansa da guntun tsohon tub, a hura iska bar 0.5 da ƙaramin famfo mai ma'auni, a ga ko allura za ta tsaya na daƙiƙa 20. In ta sauka, ruwan sabulu zai nuna wurin da kumfa. Makanikin da ya sa maka sabon fistin bai nemo abin da ya kashe na farko ba, ka shirya kuɗin na uku.

Game da fistin ɗin ma, cikin silindar waɗannan injina shafe yake da wani siririn ƙarfe mai tauri, saboda haka ba a rarake ta yadda ake yi wa ta babur. Sau da yawa abin da ake gani kamar zane a bangonta alminiyon fistin ne ya narke ya manne. Sanfefa mai laushi da haƙuri suna fitar da shi, silinda ta asali ta koma aiki. Sai in farce na maƙalewa a rami mai zurfi ne za a canza ta. Kibiyar da ke kan fistin salansa take kallo. A sa zobe shi kaɗai a cikin silinda a auna tazarar bakinsa, in ta kai milimita 1 ya ƙare. 'Yan wayoyin da ke riƙe fil ɗin fistin a sa sababbi kullum, don in ɗaya ya kuɓuce, silinda da fistin tare za su tafi.

Wuta ba ta da dogon bayani. Tazarar bakin fulogi milimita 0.5, kuma NGK BPMR7A ko Bosch WSR6F su ne suka dace da yawancin waɗannan. Tsakanin kwayil da gargaren maganaɗisu 0.2 zuwa 0.3, kaurin ɗan katin adireshi. Tsofaffi sosai masu kwantak, tazararsa 0.35 zuwa 0.4. Injin da ke mutuwa in ya yi zafi, ya ƙi tashi sai ya huce, a duba wutarsa yana da zafin, galibi kwayil ne. Wajen kwance kuloci kada a cusa sukurudireba a fukafukan gargare. A cire fulogi a tura igiya mai tsabta ta ramin ta tare fistin, a kuma tuna cewa a yawancinsu zaren kuloci na hagu ne. In inji ya sha mai ya ƙi tashi, cire fulogi, kashe makunni, ja igiya sau goma, shanya fulogin, ka tayar ba cok.

Sarƙa ita ce ke yanka, inji juya ta kawai yake yi. Ka dubi abin da ke zubowa. In ɓarzaje ne manya-manya, tana da kaifi. In gari ne kamar na tuwo, ta dakushe, kuma daga wannan lokaci duk dannawar da kake yi zafi ce kake tara wa lam da kuloci da silinda. Kowane cikon tanki a bi haƙora da magagari sau biyu ko uku. Wannan ya fi a bari sai ta mutu a zauna ana ci mata rabin haƙori.

Kowace sarƙa da lambar girmanta da kuma zagayayyen magagarinta: mai lamba .404 ta 070 magagari mai milimita 5.5, mai 3/8 milimita 5.2, mai .325 milimita 4.8. Magagari ya kwanta yadda kusan kashi ɗaya bisa biyar na kaurinsa zai leƙo saman haƙori. In ya nutse da yawa, bakin zai yi ƙugiya ya karye da wuri. In ya hau da yawa, bakin zai koma baya ya ƙi ci. Daga ciki ake turawa zuwa waje, a ɗaga in za a dawo. Kusurwa digiri 30 don yanka a gicciye, wajen digiri 10 don tsaga katako bisa tsawo, wanda ke ba da fuskar katako mai santsi. Ka fara da haƙorin da ya fi gajarta, ka daidaita sauran da shi. In haƙoran gefe ɗaya sun fi na ɗayan tsawo, yanka zai riƙa karkata, mai inji ya yi ta zargin lam. Haƙorin da saura milimita 4 ya gama aiki. Masu wasa sarƙa da injin gurza ƙarfe su lura, da zarar haƙori ya yi shuɗi taurinsa ya tafi.

A gaban kowane haƙori akwai ɗan tudu wanda ke ƙayyade zurfin da zai ci. Ya kamata ya yi ƙasa da bakin haƙori da milimita 0.65 a sarƙar 3/8, da 0.8 a .404. Tunda haƙori na raguwa tsawo duk lokacin da aka wasa shi, bayan wasawa uku ko huɗu a sauke tudun da shimfiɗaɗɗen magagari, da ma'auninsa. Al'adar goge shi gaba ɗaya don sarƙa ta ci da yawa mummuna ce. Sarƙa za ta riƙa fizga, jijjiga ta kashe boris, lam ya yi tsalle. A itacenmu mai yashi, sarƙa mai zagayayyen kafaɗar haƙori ta fi mai kusurwa riƙe kaifi.

Ana ɗaure sarƙa tana da sanyi, ana ɗage da bakin lam sama, har ta manne a ƙasan lam amma hannu na iya jan ta. Lam marar gargare a baki, irin wanda aka fi sa wa 070, yana son ta ɗan fi sakewa. In ka ƙara ɗaure ta da zafi a tsakiyar aiki, ka sassauta kafin ka tashi, domin in ta huce tana tsukewa ta ja karanshaf. A riƙa juya lam sama ya koma ƙasa, a share raminsa da 'yar ƙofar mai, a goge kaifin da ke fitowa a gefensa. Zurfin ramin kada ya gaza milimita 6 ga 3/8, 7 ga .404. Pinyo, wato gargaren da ke jan sarƙa, in sawun da ke jikinsa ya kai rabin milimita a canza. Sabuwar sarƙa a kan cinyayyen pinyo asarar kuɗi ce. Sarƙa biyu, pinyo ɗaya.

Mun san kusan kowa baƙin man da aka juye daga mota yake zubawa a tankin sarƙa. Garin ƙarfe ne a cikinsa, yana cin famfon mai da ramin lam, ba ya manne wa sarƙa, kuma yana da illa ga fatar mutum. In man sarƙa ya gagara, sabon man mota mafi araha ya fi shi nesa. Man gyaɗa ko na auduga suna fid da mutum kunya na yini guda, amma in suka kwana biyu a ciki suna daskarewa su toshe famfo. Gwajin mai kuwa, ka nuna bakin lam ga sabon kututture ka ba da wuta, ka ga layin mai ya fito. Mai 070 ya riƙa danna maɓallin ƙarin mai a doguwar tsaga.

Itacen ma kowanne da halinsa. Ƙirya da marke da tsamiya, in sun bushe, suna son sarƙa mai kaifi da hannu marar gaggawa. Maje yana da ƙaro mai manne wa sarƙa, kananzir ke wanke shi. Darbejiyar cikin gari, irin wadda ta yi wa titunan Marwa rumfa, cike take da ƙusoshin da masu shayi da masu talla suka kafa shekara da shekaru, ɓawo ya rufe su, don haka a yi mata tsohuwar sarƙa. Busasshen itacen da gara ta yi wa rufi da ƙasa, da gungumen da aka ja a yashi, a sassaƙe ɓawon da gatari a inda za a yanka. Sarƙa ta taɓa ƙasa na ƙiftawar ido, wasawa ta tashi. Gungumen da ke kan matashi ta kai biyu, a ci kashi ɗaya bisa uku daga sama a ƙarasa daga ƙasa. Wanda kansa ɗaya ke rataye, a fara daga ƙasa. In lam ya maƙale a kashe inji a buga weji na itace. Fizga da murɗawa su ke lanƙwasa lam.

Dole mu faɗi aibin tsohon inji, don yana da shi. 070 ba shi da birkin sarƙa. In saman bakin lam ya taɓa wani abu, lam na tashi ya nufo fuska da saurin da ba a iya kaucewa, kuma sarƙar na tafiyar wajen mita 20 a daƙiƙa. Saboda haka babban yatsan hagu ya zagaye mariƙi ta ƙasa, jiki ya kauce wa layin lam, kada a yi yanka sama da kafaɗa, kuma kada a hau bishiya da shi. Injin da ke da birki, in ya lalace a gyara, ba a cire a yar ba. A ƙasa ake tayarwa, ƙafa a cikin mariƙin baya, aƙalla mita 3 daga inda aka zuba mai. Ban da babbar riga, ban da jelar rawani, ban da silifas. Ƙarar ta haura desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Wanda yatsunsa suka fara mutuwa ko yin fari, jijjiga ce, ya duba robobin mariƙi ya rage awoyi. A lokacin azumi da bazara a yi aikin da sassafe. Wajen kayar da bishiya, kowa ya ja baya ninki biyu da rabi na tsawonta.

Kafin a kai ga kayarwa kuma, a nemi takarda. Kamaru ta yi sabuwar dokar gandun daji a 2024 wadda ta maye gurbin ta 1994, Chadi kuwa tun wajen 2009 ta tsananta a kan saran ɗanyen itace da gawayi. Madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ke sa wa ido. A je ofishin gandun daji a tambaya, ya fi a ƙwace inji. Gawo da kaɗanya da ɗorawa da ke cikin gona, a ganinmu, ko da takarda ba abin taɓawa ba ne, amfaninsu a tsaye ya fi kuɗin katakonsu.

Saura ajiya, ga waɗanda ke jingine inji su koma gona da damina. A juye tanki, a tayar a bar shi a zaune har ya mutu da kansa, don kafireta ta bushe. A cire fulogi a ɗiga ɗan man 2T a silinda, a ja igiya sau biyu a mayar. Sarƙa a wanke ta a naɗe a tsumma mai mai. Jikin waɗannan injina na magnesiyam ne, danshin siminti da takin zamani suna cin sa har tanki ya huje, don haka kada a haɗa shi ɗaki ɗaya da buhunan takin auduga, a ɗora shi a kan katako. A kuma toshe bakin salansa da tsumma, a rufe injin da buhu, domin zanzaro na gina ɗakinsa na laka a cikin salansa da tsakanin fukafukan silinda. Injin da aka ajiye lafiya ya ƙi tashi bayan kaka, a fara leƙa nan kafin a taɓa kafireta.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu gyaran injin yankan itace,
Garwa, Kamaru.